FASHIN BAƘI: Aikin da ke bayan gina manhaja, da abin da tangarɗar IReV ta fallasa a zaɓen 2023

A yammacin Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, bayan an kammala ƙidayar ƙuri'u a rumfunan zaɓe, ma'aikatan wucin gadi na Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, sun ci karo da abin da ba a koya musu ba a wurin horo. Sun cike takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, sun ɗauki hotonta da na'urar BVAS kamar yadda aka umarce su. Sakamakon zaɓen sanata ya hau shafin IReV, na ɗan majalisar wakilai ma ya hau, amma na shugaban ƙasa ya ƙi tafiya. Bisa ga rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, sai da misalin ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ta samu hawa, kuma har aka sanar da wanda ya lashe zaɓen da asubahin 1 ga Maris ba a gama ɗora takardun ba.

Daga wannan jinkiri aka samu ficewar wakilan wasu jam'iyyun adawa daga zauren tattara sakamako a Abuja, aka samu shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli, aka kuma samu raunin amana da har yau bai warke ba. Hukumar ta ce tangarɗar fasaha ce, 'yan adawa suka ce da gangan aka yi. Mai son ya auna maganganun biyu da adalci sai ya fara sanin yadda ake gina manhaja tun daga tushe: matakan da ake bi, inda wahalar take, da wuraren da aka saba yin tuntuɓe. Sanin hakan ya zama wajibi ga duk mai bibiyar harkokin mulki, domin a yau rajistar zaɓe, jarrabawar shiga jami'a, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, biyan albashi da neman rancen karatu duk a kan manhajoji suke tafiya.

Abin da ido ke gani da abin da ke ɓoye

Manhaja jerin umarni ne da aka rubuta wa kwamfuta ko waya, dalla-dalla, cikin wani harshe na musamman da na'ura ke iya bi. Na'ura ba ta da hankalin da za ta ce "wataƙila abu kaza ake nufi". Abin da aka rubuta mata shi take yi, idan kuma ta haɗu da yanayin da ba a rubuta mata komai a kansa ba, sai ta tsaya cik ko ta yi abin da ba a so.

Yawancin manhajojin da jama'a ke amfani da su suna da sassa uku. Akwai fuskar da mai amfani ke gani yana dannawa a waya ko a shafin intanet. Akwai sabar, wato manyan kwamfutocin da ke can nesa suna karɓar saƙo, suna tantance shi, suna yanke abin da za a yi da shi. Sannan akwai rumbun bayanai, inda ake jera komai bisa wani tsari domin a iya nemo shi idan an buƙata. Fuskar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin, amma ita kaɗai ake nuna wa minista ko shugaban hukuma a ranar ƙaddamarwa. Shi ya sa mutane da yawa, har da masu ba da kwangila, ke ɗauka cewa da zarar an ga hotuna da maɓallai suna motsi to aiki ya kammala, alhali kuwa ginin da aka yi wa fenti ne ba a haɗa masa ruwa da wuta ba.

Matakin farko: sanin abin da ake so

Kafin a rubuta ko layi ɗaya na umarni, sai an zauna an fayyace me ake so manhajar ta yi, wa zai yi amfani da ita, a ina, kuma a wane hali. Wannan mataki ya fi kama da aikin bincike, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A ɗauki misalin IReV. A baki aikinta ba wuya: a ɗauki hoton takarda a ɗora a intanet kowa ya gani. Amma da an shiga filla-filla sai tambayoyi su yi ta ɓullowa. Najeriya na da rumfunan zaɓe 176,846, a mazaɓu 8,809, cikin ƙananan hukumomi 774, kuma an shirya kaɗa ƙuri'a a 176,606 daga cikinsu, domin sauran 240 ba su da masu rajista. A ranar 25 ga Fabrairu zaɓuka 470 aka tsara gudanarwa lokaci guda: na shugaban ƙasa ɗaya, na sanatoci 109, na 'yan majalisar wakilai 360. Kowace rumfa za ta aiko da takardu uku, ke nan ana sa ran hotuna fiye da rabin miliyan, mafi yawansu cikin 'yan sa'o'in da ke tsakanin la'asar da tsakar dare.

To me zai faru idan babu sabis a ƙauyen da rumfar take? Dole na'urar ta ajiye hoton ta jira har ta shiga inda akwai sabis. Idan batir ya mutu ana tsakiyar aikawa fa? Idan hoton ya fito dishi-dishi saboda duhu ya yi, ana haska takardar da fitilar waya? Idan ma'aikaci ya ɗora takardar sanata a gurbin ta shugaban ƙasa, wa ke da ikon gyarawa, kuma ta yaya za a bar shaidar cewa an gyara? Idan aka sauya na'urar da ta lalace da wata, yaya sabar za ta gane sabuwar? Kowace tambaya a nan tana buƙatar shawara, kowace shawara tana buƙatar umarnin da za a rubuta, kowane umarni kuma yana buƙatar gwaji. Haka abin yake ko a ƙaramar manhaja. Wanda bai yi tunanin haruffan ƙ, ɗ da ɓ tun farko ba zai wayi gari manhajarsa na mayar da sunan Ɗanladi wasu alamomi marasa ma'ana, ko ta ɗauki Ƙaura da Kaura a matsayin mutane biyu daban a rajista guda.

Zayyana: inda zato ke zama tarko

Bayan an san buƙatu sai a zayyana tsarin: yadda za a jera bayanai, yadda sassa za su yi magana da juna, da hanyar da kowane saƙo zai bi. A nan ne injiniyoyi ke yanke shawarwarin da daga baya suke da wuyar sauyawa, kamar yadda harsashin gini ke ƙayyade hawa nawa za a iya ɗorawa a kai. Kowace zayyana tana tsaye ne a kan wasu zato, kuma mafi haɗarinsu shi ne wanda ya daɗe yana zama gaskiya har aka manta cewa zato ne.

Bayanin da INEC ta bayar kan abin da ya faru misali ne na wannan. An fara amfani da IReV a Agustan 2020, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a majalisar dokokin jihar Nasarawa. Daga nan aka yi amfani da ita a zaɓukan gwamnonin Edo da Ondo a 2020, Anambra a 2021, Ekiti da Osun a 2022. Duk waɗannan zaɓuka suna da abu ɗaya da ya haɗa su: kowanne yana ƙarƙashin jiha guda. A cewar rahoton hukumar, an tsara manhajar ne ta yadda idan hoto ya iso, sai ta duba jihar da zaɓen ya shafa, ta buɗe masa ma'aji a ƙarƙashin wannan jiha, daga nan ta gangara zuwa ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfa. Kujerun sanatoci da na wakilai duk suna da jiharsu ko Babban Birnin Tarayya, saboda haka suka wuce lami lafiya. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ƙasar baki ɗaya ce mazaɓarsa, ba ya ƙarƙashin kowace jiha. Da hotonsa ya iso, manhajar ta nemi jihar da za ta ajiye shi ta rasa, sai sabar ta mayar da saƙon kuskure. Hukumar ta ce sai da injiniyoyinta suka shafe sa'o'i suna neman bakin zaren, sannan suka yi wa manhajar facin gaggawa ana tsakiyar zaɓe.

Duk wanda ya taɓa aikin manhaja ya san irin wannan kuskure yana faruwa, kuma ya san cewa a zayyana aka haife shi, shekaru kafin ranar da ya bayyana. Sai dai bayanin ya zo da nasa nauyin, domin gwaji guda ɗaya tak, na ɗora takardar shugaban ƙasa daga rumfa ɗaya a kan ainihin tsarin da za a yi aiki da shi, ya isa ya fallasa matsalar kafin ranar zaɓe.

Rubuta umarni, da dalilin da ya sa ƙarin ma'aikata ba ya gaggauta aiki

Rubuta umarnin kansa shi ne abin da jama'a suka fi sani da aikin, amma kaso kaɗan yake ci. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya rubuta a littafinsa na 1975, The Mythical Man-Month, yadda yake raba lokacin aiki: kashi ɗaya cikin uku ga tsarawa, kashi ɗaya cikin shida kacal ga rubuta umarni, rabin lokacin gaba ɗaya kuma ga gwaji da gyara. Kayan aiki sun sauya ƙwarai tun daga lokacin, har an kai ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta umarni cikin daƙiƙoƙi, amma abin da suke sauƙaƙawa shi ne wancan ƙaramin kaso. Sanin abin da ya kamata a gina da tabbatar da cewa an gina shi daidai suna nan a wuyan mutane.

Brooks ya kuma yi fice da lura cewa ƙara ma'aikata a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara ne. Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma wannan karin magana ba ta cika aiki a nan ba. Sabon injiniya sai ya ɗauki makonni yana koyon tsarin, kuma waɗanda suka iya aikin ne za su bar nasu su koya masa. Sannan hanyoyin tuntuɓar juna suna ninkuwa fiye da yawan mutane: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyi 10, tsakanin mutum 50 kuwa akwai 1,225. Duk inda biyu daga cikinsu suka fahimci abu daban, an dasa kuskure.

Wannan na da muhimmanci ga ayyukan gwamnati, inda ranar ƙaddamarwa takan fito daga doka ko daga bakin ɗan siyasa kafin a tambayi masu aikin. Idan kuɗi suka makara wajen fitowa, ko kwangila ta daɗe a teburin amincewa, ranar ba ta matsawa. Abin da ke raguwa shi ne lokacin da ke ƙarshen jadawali, wato lokacin gwaji.

Gwaji: ba a fafe gora ranar tafiya

Gwajin manhaja hawa-hawa ne. Ana gwada kowane ƙaramin sashe shi kaɗai. Ana haɗa sassan a ga ko suna jituwa. Ana bin hanyar gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda mai amfani na gaskiya zai bi ta. Ana yi wa sabar lodin ƙarya, a turo mata saƙonni dubu-dubai lokaci guda a ga inda za ta durƙushe. Ana ɗauko ƙwararrun masu kutse a biya su su nemi ɓaraka kafin ɓarayi su samo ta. Daga ƙarshe ana ba mutanen da za su yi aiki da ita, a irin wurin da za su yi aikin, a zuba ido a ga inda za su rikice.

INEC ta yi gwajin tantance masu zaɓe a ranar 4 ga Fabrairun 2023 a rumfuna 436 a faɗin ƙasar, kuma a ranar zaɓe BVAS ta yi aikin tantancewa da zanen yatsa da hoton fuska a mafi yawan wurare. Amma nauyin da ke jiran IReV na daban ne. Zaɓen gwamnan Osun na Yulin 2022, wanda aka yaba wa shafin a kansa, rumfuna 3,763 ne da takarda ɗai-ɗai. Babban zaɓe ya ninka wannan kusan sau 140. Ita kanta hukumar, a sanarwar da ta fitar washegarin zaɓe, ta danganta matsalar da faɗaɗa shafin daga na zaɓukan jihohi zuwa na ƙasa baki ɗaya.

Ƙasashe masu arziki ma sun sha faɗawa wannan rami. A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Barack Obama ta buɗe shafin HealthCare.gov domin Amurkawa su sayi inshorar lafiya. Miliyoyi suka yi tururuwa, shafin ya durƙushe, kuma takardun da majalisar dokokin ƙasar ta fitar daga baya sun nuna mutum shida ne kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. 'Yan kwangila da dama ne suka gina sassa daban-daban, kuma sun shaida wa majalisa cewa sai a makonnin ƙarshe aka gwada tsarin a haɗe. Sai da aka kira wata tawagar ƙwararru ta shafe kusan wata biyu tana gyara.

A ranar 3 ga Fabrairun 2020 kuma, jam'iyyar Democrat a jihar Iowa ta dogara da wata manhajar waya wajen tattara sakamakon zaɓen fitar da gwani daga wurare kusan 1,700. An gina manhajar cikin 'yan watanni, da yawa daga cikin shugabannin rumfuna ba su taɓa buɗe ta ba sai a daren, sannan wani kuskure a umarninta ya sa tana fitar da sakamako rabi da rabi. Layukan wayar da aka tanada a matsayin madadi suka cushe. Aka shafe kwanaki ba a san wanda ya yi nasara ba, shugaban jam'iyyar na jihar ya yi murabus. Abin da ya ceci zaɓen shi ne takardun da aka cike da hannu.

Bayan ƙaddamarwa aiki bai ƙare ba

Gada idan an gama ta takan yi shekaru ba a taɓa ta ba. Manhaja kuwa tana zaune ne a kan wasu manhajojin da ke sauyawa kullum: tsarin wayar da take kai, sabar da ke ɗauke da ita, dokar da take aiwatarwa. Kowane sauyi na buƙatar gyara, kowane gyara kuma na iya ɓata wani abin da a da yake lafiya. Don haka ake buƙatar ma'aikata na dindindin da kasafi na kowace shekara, abin da kwangilolin gwamnati suka saba mantawa da shi.

Ɗaliban da suka rubuta jarrabawar JAMB ta 2025 sun ɗanɗana wannan. Bayan koke-koke kan faɗuwar da ba a saba gani ba, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a ranar 14 ga Mayu yana hawaye, ya amsa cewa kuskuren fasaha ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. An yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai zauna daidai ba a sabobin da ke hidimta wa waɗannan cibiyoyi. Dole aka sake musu jarrabawa cikin 'yan kwanaki.

Ko sake saita na'urori kaɗai aiki ne mai cin lokaci. An ɗage zaɓen gwamnoni na 2023 daga 11 zuwa 18 ga Maris saboda INEC na buƙatar kwashe bayanan zaɓen shugaban ƙasa daga na'urorin BVAS fiye da 176,000 ta adana, sannan ta sake saita su ɗaya bayan ɗaya, bayan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta izinin yin hakan. A wancan zaɓe, wanda kowace kujera a cikinsa ke ƙarƙashin jiha, ɗora sakamako ya tafi da sauri fiye da na Fabrairu.

Tangarɗa ce ko maguɗi?

Daga waje, kuskuren gaskiya da ɓarnar ganganci kamanninsu ɗaya: shafi ya ƙi aiki. A gaban kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, ɓangaren Peter Obi ya gabatar da shaidar cewa sabobin kamfanin Amazon da ke ɗauke da IReV ba su samu matsala ba a ranar. Ko da an karɓi wannan, bai warware gardamar ba, domin sabar na iya zama lafiya ƙalau alhali manhajar da ke kanta tana da kuskure, kamar yadda lafiyar titi ba ta hana mota lalacewa. Haka nan, kasancewar bayanin INEC abu ne mai yiwuwa a fasahance bai tabbatar da cewa shi ne abin da ya faru ba. A ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Bola Tinubu, ta ce IReV shafin duba sakamako ne, ba wurin tattara shi ba, kuma rashin ɗora takardu a kansa bai isa ya soke zaɓe ba. Hukuncin ya rufe shari'a, amma tambayar fasahar ta rage a buɗe.

Abin da ke raba gardama irin wannan shi ne kundin tarihin da kowace sabar ke rubutawa da kanta: wane saƙo ya shigo, daga wace na'ura, da ƙarfe nawa, wace amsa aka ba shi, wa ya taɓa umarnin manhajar kuma yaushe. Idan masu bincike masu zaman kansu suka samu wannan kundi, suna iya tabbatar da labari ko su ƙaryata shi. A Kenya, rashin bin umarnin kotu na buɗe sabobin hukumar zaɓe yadda ya kamata na cikin dalilan da suka sa Kotun Ƙolin ƙasar, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai David Maraga, ta soke zaɓen shugaban ƙasa a ranar 1 ga Satumban 2017. A zaɓen 2022 hukumar ta ɗora takardun rumfuna fiye da 46,000 a shafin da kowa ke iya saukewa, mafi yawansu cikin kwana guda. A Brazil, tun 2009 kotun zaɓe ke gayyatar masana su zo su gwada kutsawa cikin na'urorin zaɓe a bainar jama'a kafin a yi amfani da su. Estoniya kuwa ta wallafa umarnin manhajar zaɓenta ta intanet a 2013 domin kowa ya duba.

Haɗarin yarda da na'ura ido rufe ya fi bayyana a Birtaniya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata ko almundahana, saboda manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina, tana nuna giɓin kuɗi a asusunsu. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun kashe kansu. Sai a 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakuran da ke iya ƙirƙirar giɓin da babu shi, kuma sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke waɗanda aka yanke wa hukunci. Shekara ashirin ana gaskata kwamfuta ana ƙaryata mutane, saboda waɗanda ake tuhuma ba su da hanyar leƙa cikinta.

Tambayoyin da suka kamata kafin 2027

Wanda ya san matakan nan yana da tambayoyin da suka fi "shin na'urar za ta yi aiki?" amfani, domin amsar wannan kullum "eh" ce daga bakin kowace hukuma. Wa ya gina manhajar, ma'aikatan hukuma ko ɗan kwangila, kuma a hannun wa umarninta yake idan kwangila ta ƙare? Yaushe aka daina yi mata sauye-sauye kafin ranar aiki? An gwada ta daga farko zuwa ƙarshe da kowane nau'in zaɓe, har da na shugaban ƙasa, a kan ainihin tsarin da za a yi amfani da shi? Lodin hotuna nawa a minti guda aka gwada ta da shi, kuma ina rahoton? Wane ɓangare mai zaman kansa ya duba tsaronta? Idan ta tsaya, mene ne madadi, wa zai sanar da jama'a, cikin minti nawa? Wa doka ta ba ikon ganin kundin sabar bayan zaɓe, kuma har tsawon wane lokaci za a adana shi?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri a kimiyyar kwamfuta kafin a yi ta, kuma ba INEC kaɗai suka shafa ba. Sun hau kan JAMB, hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, asusun rancen ɗalibai na NELFUND, da duk wata ma'aikatar jiha da ta ware miliyoyi a kasafinta da sunan gina shafi ko manhaja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga hukumomin tarayya, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta ba da amsa. Kwamitocin zaɓe na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna da ikon kiran hukumar su nemi rahoton gwaji a zaman da jama'a za su halarta, jam'iyyu kuma suna da damar tura masanansu wurin gwajin maimakon jiran ranar tattara sakamako. Amfanin waɗannan tambayoyi yana ga yin su tun da sauran watanni, lokacin da idan an gano ɓaraka akwai sararin toshe ta a sake gwadawa.